Tsohon da ya ƙi ajiye fensir: abin da ke tattare da jiran sabon fim ɗin Miyazaki

Ranar 14 ga Yulin 2023 gidajen silima a Japan suka fara nuna wani fim da babu wanda ya san abin da ke cikinsa sai waɗanda suka yi shi. Ba a saki gutsuren talla ba, ba a faɗi sunayen masu murya ba, ba a tsakura wa 'yan jarida ko layi biyu na labarin ba. Fosta guda ɗaya tak aka fitar, zanen wani tsuntsu mai kama da zalɓe, da wani ido yana leƙowa daga ƙarƙashin bakinsa. Duk da haka mutane suka yi cincirindo, har fim ɗin ya tara kuɗin da babu wani fim na kamfanin Studio Ghibli da ya taɓa tarawa a kwanakinsa na farko. Sunan da ke jikin fostar ne ya jawo su: Hayao Miyazaki, daraktan fina-finan zane, mai shekara 82 a lokacin, wanda shekara goma kafin nan ya tara 'yan jarida a Tokyo ya shaida musu cewa ya ajiye aiki, kuma wannan karon da gaske yake.

Kowa ya ɗauka wannan fim, The Boy and the Heron, shi ne bankwana. Sai ga shi wata biyu bayan fitowarsa, a bikin fina-finai na Toronto da ke Kanada, wani mataimakin shugaban kamfanin mai suna Junichi Nishioka ya ce tsohon yana nan yana zuwa ofis, har ma yana kawo sababbin dabaru na fim na gaba. Bai faɗi suna ba, bai faɗi rana ba. Da wannan 'yar maganar aka sake buɗe sabon shafin jira, kuma masu bin aikin mutumin nan sun san irin jiran da ake nufi. Ba irin jiran da muke yi wa shiri mai dogon zango ba ne, wanda idan aka ce sai mako mai zuwa to sai mako mai zuwan, in an daɗe a tafi hutun wata biyu. Wannan jira ne da ake lissafa shi da shekaru, kuma dalilansa suna cikin yadda ake yin fim ɗin kansa.

Kafin mu shiga nan, sai an ɗan gabatar da mutumin ga wanda bai san shi ba. An haife shi a Tokyo ranar 5 ga Janairun 1941. Mahaifinsa yana cikin masu tafiyar da kamfanin danginsu da ke ƙera sassan jiragen yaƙi, mahaifiyarsa kuma ta shafe shekaru a kwance tana fama da tarin fuka na ƙashin baya. Wanda ya kalli fina-finansa zai ga abubuwan nan biyu suna yawo a ciki: jirage iri-iri da son tashi sama, da kuma uwa mara lafiya ko wadda ba ta nan. A 1985 shi da abokin aikinsa Isao Takahata da furodusa Toshio Suzuki suka kafa Studio Ghibli. Sunan ma yana da ɗan labari da ya shafe mu ta gefe. Kalmar Larabcin Libiya ce, sunan iska mai zafi da ke tasowa daga Sahara ta nufi bakin teku, wadda Italiyawa suka laƙaba wa wani jirginsu na leƙen asiri a yaƙin duniya na biyu. Hamadar da ke aiko mana da hunturu ta kudu, ita ce ke aika musu da wannan ta arewa. Japanawa kuma suka karanta sunan a matsayin Jiburi, ya bi kamfanin har yau.

Na fara neman fina-finansa ne a wajen wani yaro mai tura fina-finai a waya, a wata rumfa kusa da tasha. Na rubuta masa sunan a takarda. Ya duba kwamfutarsa, ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Yaya, wannan ai katun ne. Na yara za a tura maka ko na Indiya mai fassara?" Na ce shi nake so. Ya tura yana murmushin da ke nuna ya gama yanke min hukunci. A wurinmu zane mai motsi kayan yara ne, abin da ake kunna musu don a samu a yi girki cikin kwanciyar hankali. A Japan ba haka abin yake ba. Spirited Away, wanda ya fito a 2001, ya tara fiye da yen biliyan 30 a ƙasar, ya riƙe kambun fim mafi samun kuɗi a tarihinta kusan shekara ashirin, sai a 2020 aka ture shi. Ya ci babbar kyautar bikin Berlin a 2002, ya ci Oscar a 2003. Miyazaki bai je karɓa ba, daga baya ya ce ba ya son taka ƙasar da ke jefa wa Iraƙi bamabamai.

Abin da ya kama ni a fim ɗin shi ne na tarar da shi ba baƙo ba. Yarinya 'yar shekara goma da iyayenta sun ɓata hanya, sun bi ta wani dogon rami, sun ɓulla wata kasuwa cike da abinci mai tururi amma babu mai sayarwa ko ɗaya. Yarinyar ta ce a tafi, iyayen suka zauna suka hau ci, uban yana cewa ai yana da kuɗin biya. Kafin almuru sun zama aladu. Duk wanda aka rena da tatsuniya, wanda aka taɓa hana shi zama ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana ko aka ba shi labarin kasuwar aljanu, ya san wannan dokar tun kafin a faɗa masa: ba a cin abincin wurin da ba a san masu shi ba. Sai ga tsohuwa mai ƙaton kai da ke karɓe wa ma'aikatanta sunayensu don su manta hanyar gida. Sai ga wani tsoho mai hannu shida yana hura wutar gidan wanka. Sai ga wani abu mai ɗoyi ya shigo yana jan jiki, kowa na toshe hanci, yarinyar ta laluba ta ji wani ƙarfe a jikinsa, aka ɗaura igiya aka ja, sai ga keke ya fito, bayansa tulin shara, ashe mai kogi ne da mutane suka cika da bola. Miyazaki ya ce daga wani aikin gayya na share kogi ya samo wannan, inda suka ciro keke daga cikin taɓo.

Tushen waɗannan halittu yana cikin imanin gargajiyar Japanawa, Shinto, wanda ke ganin kogi da dutse da tsohuwar bishiya duk suna da masu su. Inda ya rabu da tatsuniyarmu shi ne wajen hukunci. Mu idan aka ce ƙurunƙus, an riga an saka wa 'yar mowa da 'yar bora kowa gwargwadon halinta. Shi kuwa da wuya ya ba ka mugu tsantsa. A Princess Mononoke na 1997, matar da ke sare daji tana harbin dabbobinsa don ta haƙo ƙarfe, ita ce dai ke fanso mata daga gidajen karuwai ta ba su sana'a, ita ce ke wanke wa kutare miki lokacin da kowa ke gudunsu. Ka rasa inda za ka ajiye ta.

To, daga ina wannan salo mai kama da mafarki yake fitowa? Nan ne gaɓar da ta haɗa shi da maganar jira.

A ƙa'ida, fim yana farawa da rubutaccen labari. A rubuta, a gyara, masu kuɗi su karanta su san farko da ƙarshe, a yi kasafi, sannan a fara aiki. Miyazaki ba ya yin haka. Abin da yake yi shi ne ya zauna da fensir da fentin ruwa ya zana hotunan da suka faɗo masa, wani lokaci ba tare da ya san alaƙar wannan da wancan ba. Daga nan sai ya shiga abin da Japanawa ke kira e-konte, wato littafin da ake zana fim a cikinsa fitowa bayan fitowa, kowane akwati da hotonsa, a gefe an rubuta maganar da za a yi da yawan daƙiƙun da za ta ci. Wannan littafin shi ne rubutaccen labarin nasa. Abin da ke ɗaure kai shi ne ba ya jira ya gama shi. Da ya zana kason farko sai a raba wa masu zane su fara aiki, shi kuma yana can yana laluben abin da zai biyo baya. Ma'aikata ɗari da wani abu suna gina gida, mai gidan bai yanke inda ƙofar fita za ta kasance ba. Shi da kansa ya amsa a hira cewa hanya ce mai haɗari, ya ce da zai iya da ya sauya, amma fim ɗin ne ke yin kansa, shi bin sa kawai yake yi.

Spirited Away ya nuna yadda wannan ke aiki. Ana tsakiyar yi sai ya lissafa ya ga labarin da ke kansa zai kai awa uku, ga shi an riga an sa ranar fitowa. Dole ya watsar da shirin da ya yi wa kashi na biyu. Da yake neman mafita sai idonsa ya faɗa kan wata halitta da ya zana tun farko don cike gurbi, wata baƙar inuwa mai farar fuska da ke tsaye a kan gada ba ta cewa komai. Ya jawo ta tsakiyar labari. Ita ce ta zama mara fuskar nan da ke fitar da zinariya daga tafin hannu, yana haɗiye duk wanda kwaɗayi ya kawo kusa da shi. Maimakon a ƙare da babban faɗa kamar yadda aka saba, sai yarinyar ta hau jirgin ƙasa da ke tafiya a kan ruwa, ta zauna shiru, mara fuskar na gefenta, fasinjoji kamar inuwa suna sauka tasha bayan tasha har dare ya yi. Babu abin da ya faru a wannan fitowar, kuma ita ce mafi yawan masu kallo suka fi tunawa. Da mai sharhin fina-finai na Amurka Roger Ebert ya tambaye shi game da irin waɗannan wurare, sai ya tafa hannu sau uku ko huɗu, ya ce ɗan sararin da ke tsakanin tafi da tafi shi suke kira ma, kuma fim ɗin da babu wannan sararin hayaniya ce kawai.

Wannan hanya tana da farashi, kuma masoyansa ba su cika son faɗa ba. Akwai fina-finansa da ƙarshensu ke zuwa a gurguje, kamar an tuna lokaci ya ƙure. Howl's Moving Castle na 2004 ya warware yaƙi guda da sumba da 'yan kalmomi a mintunan ƙarshe. The Boy and the Heron kuwa, ni dai a kallon farko na kai wani wuri na daina ƙoƙarin gane dokokin duniyar da aka shiga, tsakanin ƙattin tsiryoyi masu wasa wuƙa don cin mutum, da kwasakwasai, da wani tsoho mai jera duwatsu. Amma ba za ka ce a ba ka jirgin kan ruwa ba, sannan ka ce a tabbatar maka kowane zare zai ƙullu. Daga tukunya ɗaya suke fitowa. Mutumin da bai san ƙarshen labarinsa ba kuma, ta yaya zai faɗa maka ranar da zai gama?

Wani lokaci ma rayuwa ce ke shigowa ta juya labarin. Suzuki ya bayyana cewa yaron da ke cikin The Boy and the Heron Miyazaki ne, zalɓen shi Suzuki ne, tsohon mai jera duwatsu kuma Takahata. An tsara tsohon zai taka babbar rawa. Sai Takahata ya rasu a watan Afrilun 2018, ana tsakiyar aiki. Shi ne ya fara ɗaga Miyazaki tun suna ma'aikata a kamfanin Toei a shekarun 1960, shi ne kuma mutumin da ya fi shakkar ra'ayinsa. Aikin zanen labarin ya tsaya cik na wani lokaci, da ya dawo kuma sai akalar ta koma kan dangantakar yaron da zalɓen.

Sai maganar hannu. Fim yana gudana da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zane a Japan sukan rage, su yi zane 12 ko 8 a daƙiƙa, amma ko a hakan lissafa fim na awa biyu ka gani. Ponyo na 2008 ya ci zane kusan 170,000, duk da hannu. A The Wind Rises na 2013 akwai wata fitowa ta daƙiƙa huɗu, lokacin girgizar ƙasar Kanto ta 1923, inda jama'a ke tururuwa a kan titi. Duba ta a hankali: wani na jan amalanke, doki na turjewa, wata uwa na ƙoƙarin kada ta saki hannun ɗanta, wani na goye da kaya fiye da ƙarfinsa, kowa da inda ya nufa da yadda yake tafiya. Miyazaki ya ƙi a yi ta da kwamfuta, ya ce waɗannan ba taro ba ne, mutane ne ɗaiɗaiku. Mai zane guda, Eiji Yamamori, ya shafe shekara ɗaya da wata uku a kanta. Daƙiƙa huɗu, kafin ka kai kofin shayi baki ta wuce.

Da can Miyazaki da kansa yake bin zanen ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. An ƙiyasta cewa cikin zane 144,000 na Princess Mononoke ya sa hannu a kusan 80,000. Ido da yatsu ba sa ɗaukar wannan har abada, kuma shi ne babban dalilin da ya bayar a 2013, cewa saurinsa ya ragu, tazarar da ke tsakanin fim da fim tana ƙara tsawo. A fim ɗin baya-bayan nan ya sakar wa Takeshi Honda wannan nauyin, ya tsaya kan littafin zanen labari. Duk da haka a watan Mayun 2020 Suzuki ya ce masu zane 60 ne ke aiki, amma minti ɗaya suke kammalawa a wata, kuma bayan shekara uku minti 36 ke hannu. Ya kwatanta da My Neighbor Totoro na 1988, wanda ya ce masu zane takwas suka yi shi cikin wata takwas. Fim ɗin da ya fito a ƙarshe ya ɗan haura awa biyu.

Wane mai kuɗi ne zai zauna yana biyan albashi shekara shida zuwa bakwai, babu rubutaccen labari, babu ranar fitowa? A Japan yawanci ana haɗa abin da suke kira kwamitin shirya fim: gidan talabijin, kamfanin talla, mai buga littattafai, mai rarraba fim, kowa ya zuba nasa, a raba riba a raba asara. Tsari ne mai rage haɗari, amma duk wanda ya zuba kuɗi yana da baki. Gidan talabijin zai so shirye-shirye na musamman, kamfanin talla zai so hoton jarumi a jikin kwalbar lemo, mai rarrabawa zai so a fito lokacin hutun bazara. A wannan karon Ghibli ta ɗauki nauyin da kanta, shi ya sa ta iya cewa babu wa'adi, shi ya sa kuma ta iya fitowa da fosta ɗaya ta yi shiru. Da akwai abokan tarayya, da ba su yarda ba.

Kuɗin kuma daga wani wuri suka fito. Ghibli ta daɗe tana ƙin sa fina-finanta a manhajojin kallo ta intanet. Sai ga shi an sayar wa HBO Max haƙƙin nunawa a Amurka, sannan daga Fabrairun 2020 Netflix ta fara sakin fina-finai 21 na kamfanin a mafi yawan sauran ƙasashen duniya, har da namu. Suzuki ya ce da hujjar kuɗin sabon fim ya shawo kan tsohon. Ke nan, idan ka taɓa kallon Totoro a wayarka ta halastacciyar hanya a Kano ko Maraɗi, sabon fim ɗin ne ya buɗe maka wannan ƙofar, don ana neman abin biyan masu zanensa. Suzuki ya ce a ganinsa babu fim da aka taɓa kashe wa kuɗi irinsa a Japan. A gida bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na abin da Spirited Away ya tara ba, amma ya hau saman jerin fina-finai a Amurka a makon fitowarsa cikin Disambar 2023, ya yi kasuwa sosai a Sin, ya kuma kawo wa Miyazaki Oscar a watan Maris na 2024.

Batun ajiye aiki kuwa ya zama abin zolaya, har ana cewa tuban muzuru ne. Amma idan aka bi kowane karo sai a ga akwai abin da ya dawo da shi. Bayan Princess Mononoke ya bar kamfanin a Janairun 1998. A cikin watan nan Yoshifumi Kondo, wanda ake ganin shi ne magaji, ya rasu yana da shekara 47. Shekara guda bayan haka Miyazaki ya dawo. Howl's Moving Castle da farko wani matashin darakta aka ba, Mamoru Hosoda, aka kasa daidaitawa ya tafi, tsohon ya karɓa. Sanarwar 2013 ita ce ta fi kama da ta gaske, don a 2014 kamfanin ya rufe sashen shirya fina-finai, ma'aikata suka watse, wasunsu suka je suka kafa Studio Ponoc a 2015. Shi kuwa ya ci gaba da zuwa ɗakin zanensa kullum. Ya kama wani ɗan gajeren fim kan wata tsutsa, don nunawa a gidan tarihin Ghibli da ke Mitaka, kafin a ankara a 2016 ya miƙa wa Suzuki takardar shawarar dogon fim.

Ƙarƙashin duk wannan akwai matsalar da ba a warware ba, ta gado. Ɗansa Goro ya ba da umarnin fina-finai uku a kamfanin, na farko a 2006, wanda uban bai ɓoye rashin amincewarsa da shi ba tun kafin a fara. Da maganar shugabancin kamfani ta taso, Goro ya ƙi, ya ce nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, uban ma bai goyi baya ba. A Satumbar 2023 aka sanar cewa gidan talabijin na Nippon TV, wanda ya daɗe yana nuna fina-finansu, zai sayi kashi 42.3 cikin ɗari na hannun jari, Ghibli ta koma ƙarƙashinsa. An yi alkawarin ba za a sa musu baki a harkar ƙirƙira ba. Ko wannan alkawari zai jure wa wani fim na shekara bakwai mara wa'adi, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Ina ganin ga Miyazaki za su jure, don sunansa kaɗai jari ne. Wanda zai zo bayansa ne ba na jin za a ɗaga wa ƙafa haka.

Ana cikin wannan jira sai wani abu ya ƙara dagula ruwan. A ƙarshen Maris na 2025 ChatGPT ya fito da damar mayar da hoto zuwa zane, duniya ta rufta kan salon Ghibli. A Facebook na ga hotunan kamu da na ɗaurin aure da na yara cikin kayan sallah duk an mayar da su masu manyan idanu da launi mai laushi, a wajen mutanen da da yawansu ba su taɓa jin sunan Miyazaki ba. Nan take aka tono wani guntun bidiyo na 2016, daga wani shirin tashar NHK, inda Miyazaki ya kira wani aikin ƙirƙirarriyar basira cin mutunci ga rayuwa kanta. Adalci shi ne a faɗi abin da aka nuna masa a ranar: wata halitta ce mara kyan gani da na'ura ta koya wa jan jiki da kai a ƙasa, masu ita suna cewa za ta yi amfani a wasannin bidiyo na aljanu. Shi kuma ya ce ta tuna masa da wani abokinsa mai naƙasa wanda ɗaga hannu ma wahala yake ba shi. Ba hotunan biki yake magana a kai ba, ko da yake ba sai an yi duba ba kafin a san inda zai karkata. Abin da ya shafi mai jira shi ne yanzu kowa zai iya haɗa tallan ƙarya na minti ɗaya, da gajimare da ciyawa mai kaɗawa da kiɗan fiyano mai kama da na Joe Hisaishi, mai yi wa fina-finansa kiɗa, ya rubuta "sabon fim ɗin Miyazaki" a YouTube. Kamfanin da ya ƙi sakin talla ga fim ɗin da ya kammala, ba zai saki na wanda bai fara ba.

Idan ana neman alama ta gaske, tarihi ya nuna inda take ɓuya, kuma ba wuri ne mai armashi ba. Tunda an sallami ma'aikata a 2014, ya zama dole a lokacin a sake tara su kafin a yi dogon fim. A watan Mayun 2017 Ghibli ta sa sanarwar neman ma'aikata a shafinta: ana neman masu zanen motsi da masu zanen bango, za a fara aiki a watan Oktoba, kwangilar shekara uku. Wannan busasshiyar sanarwar ita ce tabbacin da ya fi kowace jita-jita ƙarfi cewa tsohon ya dawo da gaske. A Oktoban shekarar ya faɗi sunan fim ɗin a Japananci, wanda ya aro daga wani littafin Genzaburo Yoshino na 1937, ma'anarsa tambaya ce: yaya za ku rayu? An yi ta hasashen zai fito kafin gasar Olympics ta Tokyo ta 2020. Gasar ta zo, annobar korona ta ɗage ta zuwa 2021, aka yi aka gama, fim bai fito ba.

Lokacin da aka buga waccan sanarwar, 'yar yayata tana aji uku na firamare, ita ce abokiyar kallona, mai tambayar ko kyanwar nan mai siffar motar bas ta cikin Totoro tana cin mai ko tuwo. Na ce mata mai Totoro zai sake yin wani, ta ce yaushe, na ce shekara uku aka ce. Ranar da ya fito a Japan tana shirin gama ƙaramar sakandare, kafin ya iso Netflix a 2024 kuma ta shiga babba. Da na kira ta mu kalla, ta zo da littafin lissafi a hannu, ta zauna a bakin kujera, ta ce, "Kawu, minti nawa ne? Ina da jarrabawa gobe."